Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mutumin da Aka Ɗauke wa Murya

Makon jiya na tsaya a inda na kama ɗakin haya a Leeds, gidan wata dattijuwa 'yar Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya. A falonta na fara sanin Gerry Adams.

Wani dare cikin hunturun 1991 muna kallon labarai, sai ga wani mai gemu da tabarau, bakinsa na motsi amma muryar ba tasa ba. Na zaci talabijin ce ta samu matsala. Iya, haka nake kiranta, ta ce lafiyarta ƙalau. Tun Oktoban 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta hana gidajen rediyo da talabijin sa muryar 'yan Sinn Féin, jam'iyyar Adams mai neman haɗe Ailan ta Arewa da sauran Ailan, sai suka koma ɗauko 'yan wasan kwaikwayo suna maimaita abin da ya faɗa. Abin ya ɗaure mini kai. Ni da na tashi ƙarƙashin mulkin soja na san a rufe jarida, na san a tsare ɗan jarida, amma a bar wa mutum maganarsa a ɗauke muryarsa, wannan sai a Ingila na gani.

Lokacin yana wakiltar Belfast ta Yamma, kujerar da ya ci a 1983, shekarar da ya zama shugaban jam'iyyar. Bai taɓa zama a majalisar Landan ba, don ba zai yi wa Sarauniya rantsuwar biyayya ba. A 1984 'yan bindiga masu goyon bayan zama da Birtaniya suka harbe shi, kwanansa na gaba.

Iya ba ta ƙaunarsa ko kaɗan. Katolika ce kamarsa, tana son Ailan ta haɗe, amma jinin da IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don wannan buri, ta zubar ya tsaya mata a rai. Shi kullum musanta zama ɗan ƙungiyar yake, ita kuwa ba ta taɓa yarda ba. Nata gwanin John Hume ne, ɗan siyasar Ailan ta Arewa mai neman haɗewa ta hanyar lumana. Har yau ina ganin tana da hujja. Sai dai Hume ɗin nan shi ya zauna da Adams tun 1988, ya sha zagi a kai, kuma zaman nasu na cikin abin da ya kai IRA ga tsagaita wuta ranar 31 ga Agustan 1994. Cikin Satumba aka ɗage takunkumin. Daren da muka ji muryarsa ta gaskiya, Iya ba ta ce uffan ba, ta dai ƙara sauti.

Yarjejeniyar zaman lafiyar Ailan ta Arewa ta 10 ga Afrilun 1998 a Zariya ta same ni, a rediyo na ji. Da Adams ya miƙa jam'iyya ga Mary Lou McDonald a Fabrairun 2018, bayan shekara 34, Iya ta daɗe da rasuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin wasiƙarta ta ƙarshe gare ni.