Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yarinyar da Ake Wa Gyaran Kai

Makon jiya mun tsaya inda na samu ɗakin haya a gidan wata tsohuwa a birnin Kiyoto na ƙasar Japan, dab da wurin bautar Kitano Tenmangu. A lokacin ban san cewa Kamishiciken, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin geisha biyar na garin ba, wato matan da ke nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗa. Su mutanen Kiyoto geiko suke ce musu, masu koyo kuma maiko.

Da mummunan zato na je, ba zan ɓoye muku ba. Ranar da na fara ganin ɗaya ta wuce, fuska fara fat, takalmin katako na ƙwas-ƙwas, sai na ce wa tsohuwar ai mu a wajenmu mun san sunan irin waɗannan matan. Ta ajiye kofin shayinta, ta daɗe tana kallona.

"Ɗiyata, ba ki san abin da kike faɗa ba," in ji ta.

Ashe shekara arba'in ta yi tana gyara musu kai.

Washegari da sassafe ta ja ni shagon da ta bar wa 'yarta. Muka tarar da wata maiko 'yar shekara 16 a zaune, ana miƙar mata da gashi da ƙarfe mai zafi, ana cusa masa wani mai kamar kakin zuma. Ana ja tana runtse ido, amma ko uffan. Gashinta ne na kanta, kuma sai gyaran ya yi kusan mako, don haka a kan wani ɗan matashi mai gindin katako take tokare wuya ta kwana.

Tana gama ƙaramar sakandare ta baro iyayenta ta shiga okiya, gidan da ke rainonsu. Mai gidan okasan take ce mata, wato uwa, manyanta kuma onesan, wato yaya. Ba ta da albashi, gidan ke ɗaukar ci da sutura da kuɗin karatu. Da safe darasin rawa da shamisen, mai tsirkiya uku kamar molo. Da yamma gidan shayi, inda baƙo ba ya shiga sai wanda aka sani ya tsaya masa.

Na ji kunyar maganata, don sana'a na gani mai wuyar koyo. Amma har yau zuciyata ba ta kwanta da a ce yarinya ƙarama haka ta raba dare tana zuba wa manyan maza giya ba. Na faɗa wa tsohuwar hakan, ba ta musa ba.

Da aka gama, yarinyar ta rusuna mini ta ce, "Okini, onesan," wato na gode, yaya. Kafin mu fita, tsohuwar ta damƙa mini tikitin Kitano Odori, rawar shekara-shekara da unguwar ta fara yi a 1952. Abin da ya faru a zauren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.