Rabin kofi a gaban uwa

Jiya maƙwabciyata, Baturiya, ta gayyace mu cin abincin dare a nan Manchesta. Ina kallo ta tsiyaya wa ɗanta mai shekara 15 giyar inabi rabin kofi, ta ce gara ya koya a gabanta da ya koya a lungu. Wallahi loma ta tsaya mini a wuya.

Dokar Ingila ba ta hana ba, in yaro ya kai shekara 5 ana iya ba shi a gida. Amma tun 2009 babban likitan gwamnatinsu ya ce ƙuruciyar da babu giya ita ta fi. Ko a ajiye addini gefe, ƙwaƙwalwar yaron nan ba ta gama nuna ba.

Muna komowa gida ɗiyata ta ce, "Umma, ɗaure fuska ya yi kafin ya haɗiye."