Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bayan Ɗaukewar Haila

A makon jiya na tsaya a inda haila ta ɗauke mini gaba ɗaya. Bayan nan jikina ya sake fasali. Cin abincina bai ƙaru ba, amma tumbi ya fito, ƙugu ya cika, ga kasala da tsamin ƙashi kullum.

Da likita ta duba sakamakon jinina sai ta ce, "Mama, ciwon suga bai kama ki ba tukuna, amma yana bakin ƙofa." Sugan da aka auna kafin in ci komai ya faɗa tsakanin 100 da 125, matakin gargaɗi ke nan. Ta yi mini bayani cewa idan sinadarin istrojin na jikin mace ya ja baya, kitse kan taru a ciki, jiki kuma ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini. Bitamin D ɗina ma ya yi ƙasa. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. To fatar mai shekaru ba ta haɗa shi kamar ta yarinya, baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana, kitsen jiki kuma yana riƙe shi.

Ta rubuta mini ƙwayar bitamin D, ta ja kunnena kada in ƙara a kan abin da ta rubuta, domin yawansa na sa sinadarin kalsiyam ya hauhawa a jini har ya taɓa ƙoda. Sannan ta faɗi abin da nake so kowace mace tsarata ta ji. A 2019 an fitar da wani babban bincike a Amurka, inda aka ba masu irin matakina na suga bitamin D IU 4,000 kullum (IU ma'aunin yawan bitamin ne), kuma bai rage kamuwa da ciwon suga yadda aka sa rai ba. "Ƙwayar za ta cike giɓi, ta taimaki ƙashinki, Mama. Sugan kuwa tsoka ce za ta cinye shi."

Wannan magana ta zauna mini. Tsoka idan tana aiki tana zuƙe suga daga jini ko da insulin bai yi ƙarfi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Na fara da tafiya da sauri da hantsi, daga baya na ƙara da tashi da zama a kan kujera ba tare da dafa hannu ba. Gwiwoyina sun yi ta ƙorafi a farko. Barci ne ya fara gyaruwa, tun ma'aunin nauyi bai motsa ba.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin gwajin jini na biyu, da yadda na shawo kan yayata ta fara bina.