Godiya: bayan wata 14 na koma kan keke

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Jiya da hantsi na zura zare a kafar allura da hannuna na dama, ban kira yaro ba. Sau 4 zaren yana kuɓuce mini, a na 5 ya shiga. Rabona da yin haka wata 14 ke nan. Alhamdu lillahi.

Ga waɗanda labari bai kai musu ba, gilashin taga ne ya yanke ni a wuyan hannu ranar da muke kwashe kaya daga tsohon shago. A wani ƙaramin asibitin unguwa aka tsayar da jini aka ɗinke fata, cikin mako 2 ciwo ya warke sumul, na ɗauka magana ta ƙare. Sai dai babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun sage, kamar ba a jikina suke ba. Na ce kumburi ne, zai sauka. Wasu suka ce iska, wasu suka ce sammu, na sha shafe-shafe har na gaji. Rannan ina guga sai na ji ƙauri, ina dubawa na ga manuniyata manne da dutsen guga, har ta yi bororo, ni kuwa ko ɗis ban ji ba. A ranar hankalina ya tashi.

A asibitin ƙashi na Dala aka warware mini zare da abawa. Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa, ta jini jijiya, agara ma jijiya. Wadda ta tsinke mini ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da yatsu, wadda ta bi ta tsakiyar wuyan hannu. Ita ke sa yatsun nan uku da rabin na huɗu su ji taɓi, ita ke sa babban yatsa ya lanƙwaso ya haɗu da 'yan uwansa. Likita ya nuna mini tudun naman gindin babban yatsan ya fara lotsawa, fatar yatsun kuma ta bushe, ta daina gumi. Da yake an ɗauki wata 2, bakunan jijiyar sun ja da baya, ba za su haɗu ba. Sai da aka ciro wata siririyar jijiya daga bayan ƙafata, ta wajen idon sawu, aka yi mata ƙari yadda muke yi wa yadi in ya gaza. Zaren da suka yi ɗinkin da shi ya fi gashin kai siranta. A matsayina na tela, na sara musu. Likita, kai da ma'aikatanka, Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku.

Tun kafin a shiga da ni ya gaya mini gaskiya: ɗinkin hanya kawai yake shimfiɗawa, jijiyar ce za ta sake tsirowa da kanta, kusan milimita 1 a rana, wato kamar inci 1 a wata. Da aka cire filasta na ɗauko tef ɗina na auna daga tabon zuwa kan manuniya, inci 7. Na zauna na yi shiru. Duk zuwana asibiti yakan ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsansa, inda na ji ta ja ni kamar minjirya, nan tsiron ya kawo. Sai ya ɗiga biro a wurin. Wannan ɗigon biron na yi ta bi da ido wata da watanni, daga wuyan hannu zuwa tafi, daga tafi zuwa gindin yatsu.

Maiɗakina, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ke kika riƙa ɓalla mini maɓallin riga, ke kike tsoma hannu a ruwan alwala lokacin hunturu don kada in ƙone ban sani ba. Dararen da yatsun suka dinga zugi kamar an zuba barkono, lokacin da jin ya fara dawowa, tare muka kwana a zaune. Na yi miki faɗa ba gaira ba dalili sau da yawa, ki yafe mini. Hajiyarmu, addu'arki ce ta riƙe ni, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Malamar sashen gashin ƙashi, na gode. Ita ce ta sa aka cika mini kwano da shinkafa, a ɓoye maɓalli da makulli a ciki, in rufe ido in lalubo. Da farko na ɗauka wasan yara ne. Sai da na yi mako 3 ina kasa bambance makulli da ƙwayar wake, sannan na daina dariya.

Yaran shago sun riƙe mini ɗinkin ƙaramar sallah da babba, ko allura ba ta ɓata ba. Maigidana da ya koya mini sana'a yakan leƙo ya duba musu yanka, ranka ya daɗe, Allah Ya bar zumunci. 'Yan majalisa da suka haɗa mini kuɗin aiki, da wanda ya bar mini kwasarsa ta adashe, da liman da jama'ar masallacinmu, Allah Ya biya ku.

Hannun bai koma yadda yake a da ba. Sanyi yana taɓa shi, in na rufe ido ba na rarrabe shadda da yadi kamar da, gefen ƙafar da aka ciro jijiyar kuma har yau a sage yake. Amma ina yanka, ina taka keke.

Masu kaya a wajena tun bara, kun yi haƙuri, ku zo daga ranar Asabar. Maɓalli dai har yanzu yaro ne zai sa.