Godiya bayan jinyar kunnen autana

Alhamdulillahi. Jiya likita ya leƙa kunnen, ya ce dodon kunnen ya haɗe, gwajin ji ma ya yi kyau. Sati uku rabona da barcin kirki, hannuna har rawa yake yi yanzu, amma ba zan kwanta ban yi godiya ba.

Daren nan ne ya ƙi fita a raina. Kwana biyu yaro ɗan wata 8 yana tsala ihu, yana jan kunne, jiki kamar garwashi, ya ƙi nono. Wajen ƙarfe 2 na dare sai ya yi tsit. Wallahi na zaci rai ya yi halinsa. Na haska fitila, sai ga mugunya ta jiƙa zanin goyo. Maigida yana Abuja wajen aiki. Ko mayafi ban tsaya nema ba na buga ƙofar maƙwabta.

Baban 'yan biyu, ka ce kada in ambace ka, ka yi haƙuri. Cikin sanyin hunturu ka tura keke napep ɗinka, daga Rigasa har asibiti, ka zauna a benci har aka kira asuba. Da na miƙa maka kuɗi ka ce, "Haba Maman Auta, ɗanki ai ɗana ne." Allah Ya raya maka zuri'a, Ya buɗa maka ƙofofin arziki, Ya kai ka Makka, Ya jiƙan mahaifanka.

Daga baya aka tura mu Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna. A can na san abin da ya jawo shirun nan: mugunya ce ta fasa dodon kunne, zafin ya lafa. Ni duk tunanina nono ne ya zuba masa a kunne, yadda muka taso muna ji. Likita ya ce ba ta waje ciwon ya shiga ba. Akwai 'yar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, a jarirai gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa mura ke saurin hayewa can, musamman daga wata 6 zuwa shekara 2. Ya tambaye ni ko ina ba shi fida yana kwance. Ina ba shi. Ko ina goya shi in ina girki da itace. Kullum. Sai hawaye. Ma'aikaciyar jinyar ta dafa kafaɗata, ba ta ce min laifina ba ne, ta nuna min yadda zan ɗaga kansa in zan ba shi madara, ta duba katinsa ta ga allurar rigakafi ta sati 6, 10 da 14 duk ya samu. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Yaya, kin bar naki 'ya'yan kin riƙe min manyan. Inna, kunun da kike aikowa kullum da safe shi ya riƙe ni.

'Yan uwan da suka aiko da shawarar a ɗiga man zaitun ko ruwan albasa, likita ya hana a zuba komai a kunnen da ya fashe. Na dai so a ce na ga ƙafarku ko sau ɗaya, tunda Kawo ba nisa. Allah Ya bar zumunci.

Auta na barci yanzu. Ɗazu na kira shi a hankali ta ɓangaren kunnen, ya juyo.