Ƙwan tsaka biyu da zafin Zariya

Ranar da na ga ƙwai biyu a akwatin macen tsakar nan tawa wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Tsakar da nake kiwo fa ba irin ta bango ba ce, mai kaurin wutsiya ce ɗin nan mai ratsin ruwan ƙasa, asalinta nan Afirka ta Yamma ne, tana lumshe ido kuma ba ta iya hawa bango. Umma dai ta ce tsaka tsaka ce, shi ya sa duk kayana suna shagon ƙofar gida.

Ƙwan yana da laushi kamar fata, ba irin na kaza ba, kuma ba a juya shi, don ɗan tayin ta sama yake mannewa, ka juya kana iya kashe shi. Sai na sa fensir na yi ɗigo a saman kowanne kafin na ɗauka, na binne rabinsu a roba mai murfi, cikin niƙaƙƙen ɓawon kwakwa mai danshi, irin danshin da in ka matse zai dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba.

Turawan da nake karanta bayanansu a intanet duk damuwarsu yadda za su ɗumama ƙwai ne, mu kuwa a Samaru cikin watan Afrilu zafi na kusan kaiwa 40 da rana alhali ƙwan 28 zuwa 32 yake so, ga wuta ba tabbas balle ka dogara da inji, to abin da ya cece ni tsohuwar randar Umma ce, na zura robar ciki na lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu na sa tamomita, safe da yamma ina leƙawa. Kuma zafin ne ke zaɓar jinsi, wajen 31 zuwa 32 maza sun fi yawa, in ya sauko ƙasa mata.

Bayan sati biyu na haska su da tocilar waya da daddare. Ɗaya ja-ja da siraran jijiyoyi, ɗayan rawaya kawai, daga baya ya loɓa ya yi funfuna na cire shi. Ya min ciwo gaskiya.

Rana ta 54 na ga mai kyan ya yi gumi ya ɗan lotsa, hankalina ya tashi, ashe lokaci ne. Da la'asar sai ga ɗan kai ya leƙo ta tsaga, ya tsaya a haka awanni, ni kuma ina ta hana kaina taɓa shi. Bai kai ɗan yatsana tsawo ba. Bai ci komai ba sai da ya yi saɓar farko ya cinye fatar, sannan ya kama ɗan ƙaramin gyare.

Jiya da asuba na tarar da Umma tsaye a bakin shagon, wai ya ɗan naka ya kwana.