Yadda Na Ɗinka wa Jarumai Uku Riga Ɗaya

A shekarun da na fara mayar da hikayoyin jaruman dā zuwa littattafan zane, akwai wata takarda da na manna a bangon da nake fuskanta idan na zauna aiki. A kanta na jera matakan tafiyar jarumi kamar yadda na fahimce su daga ra'ayin Joseph Campbell, wanda a shekarar 1949 ya wallafa littafin da ya yi ƙoƙarin nuna cewa hikayoyin al'ummu daban-daban suna bin hanya guda: ana kiran jarumi, ya bar gida, ya sha gwaji, ya sami mai taimako, ya yi nasara, sannan ya dawo wa jama'arsa da alheri. A lokacin ban karanta littafin ba, taƙaitawarsa kawai na samu a wurin masu koyar da rubutun fim, amma na riƙe ta tamkar doka. Ƙannena masu sha'awar wannan sana'a, daga wannan takarda ce mafi yawan kurakuraina suka fito, shi ya sa nake so in ba ku labarinta tun kafin ku manna irinta a naku bangon.

Aikina na farko mai girma shi ne labarai uku a littafi ɗaya: Gilgamesh sarkin Uruk, da Rustam na Farisa, da Sunjata na Mali. Na shafe watanni ina zane, kuma da na gama sai na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana koyar da zane domin ya duba mini. Bai ce komai ba har ya kai shafin ƙarshe. Daga nan ya zaro shafi ɗaya daga ƙarshen kowane labari, ya jera su a kan tebur, ya rufe sunayen da tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, nuna mini wanne ne Rustam." Na duba na sake dubawa. A kowane shafi akwai mutum mai faɗin ƙirji tsaye a kan tudu, makami a sama, rana tana fitowa a bayansa, jama'a suna murna a ƙasa. Ni da na zana su sai da na nemi irin hular da ke kan kowanne kafin na ba da amsa. Jikina ya yi sanyi, domin na gane cewa mutum ɗaya na zana sau uku, na riƙa canja masa tufafi.

Da na koma na karanta hikayoyin a cikakkun fassarori, abin da na tarar ya fi abin da dattijon ya nuna mini muni. Labarin Gilgamesh, wanda aka tono allunansa na yumɓu a kangon birnin Nineba a tsakiyar ƙarni na 19, kuma George Smith ya karanta wa duniya sashensa na ruwan ɗufana a 1872, bai ƙare da nasara ba. Sarkin ya fara ne a matsayin azzalumin da mutanen Uruk suka kai ƙararsa wurin allolinsu. Da abokinsa Enkidu ya mutu, ya ƙi bari a binne shi kwana shida da dare bakwai, har sai da tsutsa ta faɗo daga hancin gawar. Tsoron mutuwa ne ya kore shi zuwa ƙarshen duniya, kuma ganyen sabunta ƙuruciya da ya nutsa ƙarƙashin ruwa ya tsinko, maciji ne ya ɗauke shi yayin da sarkin ke wanka a wani tafki, ya yi saɓa ya wuce. Gilgamesh ya zauna ya yi kuka, ya koma gida hannu rabbana. Ni kuwa a nawa littafin na sa ya sare macijin ya ƙwato ganyen, saboda takardar bangona ta ce dole jarumi ya dawo da wani abu.

Abin da na yi wa Rustam ya fi wannan ciwo a raina. A cikin Shahnama, doguwar waƙar sarakunan Farisa wadda Firdausi ya kammala a shekarar 1010, Rustam ya kara da wani matashi mai suna Suhrab ba tare da ɗayansu ya san ɗayan ba, ya soke shi, sai a lokacin ya ga a dantsen yaron alamar da ya bar wa Tahmina, mahaifiyar yaron, ya gane ɗansa ne. Ya aika wa sarki Kaikawus roƙon maganin da zai iya ceton ɗan nasa, sarkin ya hana. Wannan ne sashen da mutanen Farisa suka fi riƙewa tsawon shekaru dubu, har masu ba da labari suka san cewa a nan ne masu sauraro ke zubar da hawaye. Ni na tsallake shi gaba ɗaya, na zaɓi yaƙin Rustam da Farin Dodo, domin shi ne ya shiga cikin matakaina ba tare da gardama ba.

Ba ina cewa kamannin da Campbell ya gani ƙarya ne ba. Haihuwa mai ban al'ajabi, da gudun hijira, da dodon da ake kashewa, duk suna maimaituwa daga wannan nahiya zuwa waccan, kuma tun kafin shi Otto Rank a 1909 da Lord Raglan a 1936 sun lura da haka. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma mai zane ya fi kowa buƙatar jin wannan kukan. Shawarata ita ce, idan kun karanta hikaya kuka iske wurin da ta ƙi shiga tsarin da kuka saba, ku sa alama a wurin, ku daɗe kuna tunani a kansa, domin galibi a nan ne abin da ke damun al'ummar da ta haifi labarin yake: tsoron mutuwa a wurin mutanen Uruk, da rikicin biyayya ga sarkin da bai cancanta ba a wurin Firdausi.

Kuskure na biyu ya fi sauƙin gyara, amma ya fi yawa a tsakanin matasa. Na ɗauki abin da na gani a littattafan zane na wasu a matsayin asalin labari. Na girma ina ganin Thor, allan tsawa, da gashi mai launin zinariya, Loki kuma ƙaninsa da Odin, mahaifin Thor, ya riƙa, kamar yadda kamfanin Marvel ya siffanta su bayan ya fito da Thor a 1962, har na taɓa yin musu a bainar jama'a cewa haka yake a hikayoyin mutanen arewacin Turai. A tsofaffin rubuce-rubucen kuwa Thor mai jan gemu ne, Loki kuma amini ne da ya haɗa jini da Odin a rantsuwar 'yan'uwantaka. Masu zanen Marvel ba su yi laifi ba, sun ƙirƙiri abinsu ne kuma sun san sun ƙirƙira. Ni ne na gina gida a kan ji-ta-ji-ta. Duk da haka kada ku zaci akwai wani tushe guda tsarkakakke da za ku isa gare shi ku huta. Snorri Sturluson, wanda ya tattara yawancin labaran Thor a wajajen 1220, Kirista ne da ya yi wannan aiki fiye da shekara 200 bayan ƙasar Aislan ta karɓi Kiristanci. Kowane rubutu yana da mai shi da zamaninsa, kuma aikinku shi ne ku san daga hannun wa kuka karɓa.

Wannan ya fi fitowa fili a labarin Sunjata. Abin da mafi yawanmu muka sani ya zo ne ta littafin Djibril Tamsir Niane na 1960, wanda ya ji daga bakin maroƙi Mamadu Kuyate ya kuma rubuta da Faransanci a zube. A 1974 Gordon Innes ya wallafa ruwayoyi uku daga maroƙan Gambiya, waɗanda suka saɓa wa juna a wurare da dama. Da na karanta su ne na fahimci girman abin da na cire. A nawa littafin babu maroƙi ko ɗaya, na ga kamar ɓata shafi ne a zana mutum zaune yana magana alhali ga dawaki da kibau suna jira. Alhali a wannan hikaya maroƙi yana cikin labarin tsundum: Balla Faseke shi ne bakin Sunjata, ƙwace shi da Sumanguru, abokin gabar Sunjata, ya yi yana cikin dalilan yaƙin, kuma ta hanyar kirarin maroƙa ne zuriyoyi suke sanin inda kakanninsu suka tsaya a ranar yaƙin Kirina, wajen shekarar 1235. Da na cire shi, sai labarin ya zama na mutum ɗaya da ya yi komai da ƙarfin dantsensa, uwarsa Sogolon da aka yi wa gorin ganyen kuka ta koma ado a gefen shafi, 'yar'uwarsa Nana Triban, wadda ta sato sirrin cewa farcen bayan ƙafar farin zakara ne kaɗai zai karya Sumanguru, ta ɓace ɗungurungum.

A kan Sumanguru kuma na yi kuskuren da na fi jin kunyarsa, kuma shi ne wanda ya keɓanta da sana'ar zane. Marubuci yana iya cewa "mugun sarki" ya wuce, mai karatu ya ƙaga fuskar da kansa. Mai zane ba shi da wannan mafaka, dole ya yanke hukunci a kan launin fata, da faɗin hanci, da tsawon haƙora, a kowane akwati na kowane shafi. Na ba Sunjata siririn hanci da fata mai haske, na ba Sumanguru baƙi ƙirin da fiƙoƙi da jajayen idanu, ban kuma tsaya na tambayi kaina daga ina hannuna ya koyi cewa haka nagarta da mugunta suke kama ba. Daga baya na ga cewa wannan tsohuwar cuta ce a sana'ar. An daɗe ana sukar jerin littattafan Amar Chitra Katha, wanda Anant Pai ya kafa a Indiya a 1967 domin yara su san hikayoyin ƙasarsu, a kan cewa yakan haskaka fatar nagari ya duhunta ta miyagu. Haka nan yadda Frank Miller ya siffanta Farisawa a littafinsa mai suna 300 na 1998, da fim ɗin da aka yi daga gare shi, ya ɓata ran Iraniyawa ƙwarai. Sumanguru sarkin maƙera ne na Soso, mai ilimin asiri, mai kayan kiɗan balafon wanda har yau zuriyar Kuyate ke adana shi a garin Niagassola na ƙasar Gini, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam a 2001. Mutumin da abokan gabarsa suka riƙe kayan kiɗansa da daraja kusan shekara 800 ya cancanci a zana masa fuskar mutum.

Kada wannan ya sa ku ji tsoron canja labari. Eric Shanower ya cire alloli gaba ɗaya daga yaƙin Taruwada (Troy) na hikayoyin Girkawa a jerin littattafan da ya fara a 1998, ya dogara da binciken masu tonon kayan tarihi wajen tufafi da gine-gine. Samhita Arni da Moyna Chitrakar sun ba da labarin Ramayana na Indiya ta bakin Sita, matar jarumin labarin, a 2011, da salon zanen gargajiya na Bengal. Gene Luen Yang a 2006 ya ɗauko Sarkin Birai na ƙasar Sin ya sa shi cikin rayuwar yaron da ke jin kunyar asalinsa a Amurka. Dukansu sun yi canji mai girma fiye da wanda na yi, amma kowannensu zai iya gaya muku abin da ya cire da dalilin cirewar. Ni da aka tambaye ni dalilin kashe macijin Gilgamesh, ba ni da amsa.

Saboda haka yanzu, kafin in taɓa alƙalami, nakan karanta ruwayoyi biyu ko uku na hikayar, in rubuta a takarda dabam duk abin da na yi niyyar cirewa ko ƙarawa, da dalili a gaban kowanne. Idan dalilin bai wuce "haka aka saba" ba, nakan mayar da abin wurinsa. Nakan kuma nemi mutumin da ya taso da labarin a gidansu ya duba fuskokin tun suna zanen fensir, lokacin da gogewa ba ta da wuya.

Bayan shekaru na sake zana ƙarshen Gilgamesh. Na ba macijin shafi guda ba tare da kalma ko ɗaya ba: akwati na farko tufafin sarki a bakin tafki da ganyen a kansu, na biyu kan maciji yana leƙowa daga ciyawa, na uku saɓar da ya bari a ƙasa, na huɗu kuma, wanda ya cinye rabin shafin, bayan Gilgamesh yana zaune ruwa na ɗiga daga gashinsa, Urshanabi mai fito yana tsaye nesa kaɗan. A shafi na gaba suka isa Uruk, sarkin ya ce wa abokin tafiyarsa ya hau ganuwa ya dubi tubalin da aka gina ta da shi, kamar yadda allo na 11 ya ƙare. Na kai wa dattijon nan shafukan, a lokacin idonsa ya raunana har sai da ya kusanto da takardar dab da fuskarsa. Ya daɗe a kan akwati na huɗu, sannan ya ce in rage duhun inuwar da ke kan kafaɗar sarkin, domin tana ɓoye yadda ta sunkuya.